Motar Ɗanbaba Mara Hayaƙi

Ɗanbaba bakanike ne a Tsamiyar Dattijo, wani ƙauye da ke gefen babban kanal tsakanin Kura da Bunkure. Injin ban-ruwa yake gyarawa, da janareta, da babur idan mai shi ba ya sauri. Hannunsa ba laifi, bakinsa ne matsalar. In ya canza maka fulogi ɗaya, sai ka saurari labarin yadda wani Bature ya taɓa durƙusawa yana roƙonsa ya bi shi ƙasarsu, shi kuma ya ƙi, saboda ya ji an ce can ba a tuƙa tuwon shinkafa.

Wata Talata, rani ya tsaya sosai, aka kira shi Kano ya duba janaretan wani otal. Ashe babban taro ake yi a ciki, kan yadda baƙi 'yan ƙasashen waje za su zuba jari a ƙera motoci masu aiki da lantarki, da yadda za a rage hayaƙin da ke ɓata iska. Da ya gama gyara aka ce ya zauna kusa, ko janaretan zai sake mutuwa. Ya zauna bakin taga, janareta na ruri a kunnensa na dama, jawabi na shiga ta na hagu. A kowace kalma uku, ɗaya yake ji. Da aka tashi ya kutsa cikin masu fita, aka miƙa masa jaka, da hular hana-salla mai hoton ganye, da fom, da shinkafa da cinyar kaza.

Washegari da safe ya isa teburin Muhammadu Sani mai shayi, jaka a rataye, hula a ka. Bai ko amsa gaisuwa da kyau ba.

"Ku matso, ku da ba ku taɓa tsallake gadar Tamburawa ba," in ji shi. "Zamanin fetur ya ƙare. Jiya muka yanke."

"Ku da wa?" in ji Iliyasu. Shi manomin tumatir ne, kuma taubashin Ɗanbaba, don haka ba ya raga masa ko ranar Salla.

"Mu manya. Sharaɗi uku muka kafa wa duk baƙon da ke son buɗe kamfanin motar lantarki. Na ɗaya, dole ya haɗa gwiwa da ɗan ƙasa. Na biyu, dole a ƙera wani kaso na kayan motar a nan gida. Na uku, inda za a kafa kamfanin iska ta zama tas, ba hayaƙi. Wanda ya cika, a ba shi fili, a ɗaga masa ƙafa kan haraji."

"To kai wanne ne a ciki, baƙon ko hayaƙin?"

Aka fashe da dariya. Ɗanbaba ya kurɓi shayi a hankali.

"Yi dariyarka. Ranar da za ka zo neman aikin gadi a ƙofar kamfanina, zan ce ka kawo takardar makaranta."

A ranar ya tafi Kura, ya sa aka cike masa fom a shagon masu kwamfuta. Inda aka tambayi yawan ma'aikata ya ce a rubuta ɗari huɗu. Inda aka tambayi faɗin fili ya ce a rubuta daga bakin kanal zuwa inda ido ya tsaya. Inda aka tambayi sunan abokin hulɗa na waje ya ce a rubuta yana hanya. Ya kai fom ɗin da kansa, ya dawo ya ci gaba da wanke kafireta, don a ransa ya san takarda in ta shiga ofis sai dai jikoki su ji labarinta.

Sai ga waya bayan mako biyu. Muryar mace ce, ta ce sunanta Hajiya Ummukulsum, daga ofishin jawo masu zuba jari. A duk yankin fom ɗinsa kaɗai aka samu, don haka ranar Alhamis ta sama, ƙarfe goma na safe, za su zo da jami'in muhalli su ga abu uku: baƙon, da samfurin motar, da iskar wurin.

Saura kaɗan Ɗanbaba ya ce a fasa. Amma da ya ga mutane na kallonsa, sai ya ɗaga murya ya ce, "To Hajiya, zan duba ko ina da sarari ranar."

Neman baƙo ya fara. Ya koma Kano ya tsaya ƙofar wani otal tun hantsi, duk farar fatar da ta fito sai ya tare ta da fom yana cewa "Kamfani! Kamfani!" Na farko ya ɗauka sadaka yake nema, ya girgiza kai. Na biyu ya miƙa masa makullin mota, a zatonsa mai wanki ne. Kafin na uku mai gadi ya fito da kulki.

Ya dawo gari da la'asar a gajiye, ya zube kan bencin mai shayi. Nan wani ya ƙwala kira, "Sani Maraɗi, a ƙara min madara!" Ɗanbaba ya miƙe zumbur kamar kunama ta harbe shi.

"Sani, me ya sa ake ce maka Maraɗi?"

"Can aka haife ni mana."

"Maraɗi ta Nijar?"

"Akwai wata ne?"

"Allahu Akbar! Shekara ashirin ina shan shayin mai zuba jari ban sani ba! Kai ɗan ƙasar waje ne, Sani. Takarda cewa ta yi baƙo, ba ta ce fari ko baƙi ba."

"Injiniya, ni fa jarina tukunyar nan ce da gwangwanin madara."

"Wa ya tambaye ka? Kwat za ka sa, da baƙin tabarau, ka zauna ka yi shiru. Ka iya Faransanci?"

"Ko kalma."

"To duk abin da aka ce, ka ce awo, yadda mutanen can ke cewa i. Sauran ni zan fassara. Kuma daga yau sunanka Mushe Sani."

Sani ya ajiye ludayi. "Mushe? Ni ne mushe? Da raina da lafiyata?"

"Haka ake kiran manyan mutane a can, kamar a ce Alhaji."

"To a bar ni a ƙaramin mutum."

Sai da Ɗanbaba ya yi masa alkawarin shi kaɗai zai riƙa dafa wa ma'aikata ɗari huɗu shayi safe da yamma, sannan Sani ya lumshe ido, ya hango layin kofuna, ya yarda ya zama mushe.

Saura mota. A bayan rumfarsa akwai gawar wani adaidaita sahu da kaji suka mayar gidan kwana. Ya kore su, ya cire mataccen injin, ya shafe jikin da koren fenti. Abin da zai juya taya ya rage. Ya jira matarsa Hajara ta tafi barkar haihuwa, ya shiga gida ya kwance injin markaɗenta mai aiki da lantarki, ya ɗaure shi a keken da fambel, robar nan mai juya taya. Batura kuwa aro ya yi: biyu na solar mai unguwa, ɗaya na mai kemis, uku na babura.

Ranar gwaji rabin gari ya taru. Ɗanbaba ya hau, ya yi bismilla, ya danna makunni. Keken ya yi wata ƙara irin ta markaɗen wake, ya tafi tsawon tabarma uku, ya tsaya.

"Ma sha Allah," in ji Iliyasu. "In ka tashi yau, ka isa Bunkure da azumi."

"Caji ne ya yi ƙasa, jahili."

"To a yi cajin."

Kowa ya ɗaga kai ya dubi wayar wuta. Kwana goma sha ɗaya ke nan rabon garin da wuta, har tsuntsaye sun saba da zama a kanta ba fargaba.

Ɗanbaba bai karaya ba. Ya ɗauko ƙaramin janaretansa, ya cusa shi ƙarƙashin kujerar baya, ya haɗa shi kai tsaye da injin markaɗen. Ya ja igiya, keken ya zabura, hayaƙi ya turnuƙe har wani tsoho ya koma gida yana tari.

"Motar lantarki mai shan fetur," in ji Iliyasu. "Wannan ko Turawan ba su kai nan ba."

"Motar ba ta shan komai. Janaretan ne ke sha. Ka riƙa bambancewa."

"Hayaƙin fa, na wa za a ce?"

Wannan tambayar ta tsaya wa Ɗanbaba a rai har ya kasa cin abincin rana. Can dabara ta faɗo masa. Ya samo tiyub ɗin tayar tarakta, robar nan ta ciki da ake hura wa iska, ya ɗaura bakinsa a salansar janaretan da waya, ya ninke shi a kan kujerar baya, ya rufe da darduma. Hayaƙi zai shiga ciki ya zauna lafiya, in baƙi sun tafi a kai shi bayan gari a sake shi. Ya ja da baya ya dubi aikinsa, ya ji tausayin ƙasashen da ba su da irinsa.

Saura iska, kuma nan ne rigimar take. Tsamiyar Dattijo garin shinkafa ne. Kusan kowane gida mata na turara shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, a rabin duro, da itace da buntu, ɓawon shinkafar. Gonakin kan tudu, inda ruwan kanal ba ya hawa da kansa, sai da injin fetur. Ɗanbaba ya je wurin Mai Unguwa Ibrahimu ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya zana masa kwalta daga ƙofar gidansa har bakin titi, da fitilu, da kujerar uban kamfani mai juyawa. Kafin la'asar mai shela ya zaga gari: daga safiyar Talata zuwa kiran azahar na Alhamis, ba turara shinkafa, ba tayar da injin, ba ƙona buntu. Mai son abinci ya sha fura ko ya jiƙa garin kwaki.

Da ya shiga gida ya tarar da Hajara tsaye, hannu a ƙugu.

"Baban Aziza, ina injin markaɗena?"

"An ɗaga darajarsa. Yanzu yana cikin harkar sufuri."

"Sufuri. To wannan dokar fa? Buhu shida na jiƙa jiya. In ban turara gobe ba tsami za ta yi, kuma ta mutane ce."

"Hajara, ki riƙa hangen nesa. Nan da shekara matar manajan darakta za a riƙa ce miki."

"Matar manajan darakta mai warin shinkafa. Ka ji ni da kyau. Don girman mai unguwa zan haƙura. Amma ladan na cewa Allahu Akbar ranar Alhamis, ashana na hannuna."

Iliyasu ma haka ya faɗa masa a bakin masallaci, ba dariya a fuskarsa wannan karon. Tumatirinsa ya fara fure, kwana biyu ba ruwa a wannan zafin ganyen zai langaɓe kamar kunnen akuya. "Azahar, Ɗanbaba. Ko minti ɗaya ba zan ƙara maka ba."

"Ƙarfe goma za su zo. Mutanen ofis ne, ba irinku ba, suna da agogo."

Kwana biyu garin ya yi tsit. Ba ƙarar injin, ba ƙanshin girki. Yara suka sha kwaki har suka fara kuka da ganin kwano. Warin jiƙaƙƙiyar shanshera ya fara fitowa daga gidaje. Duk inda Ɗanbaba ya bi, harara ke raka shi, shi kuwa yana tafe yana shaƙar iska da ƙarfi yana cewa, "Kun ji? Kamar a Turai."

Ranar Alhamis tun da sassafe aka kafa rumfa a filin makaranta, aka jera kujerun roba. Ɗanbaba ya ɗauko makaɗan kalangu biyu, ya ja su gefe ya ce da ya ɗaga hula su saki kiɗa iya ƙarfinsu, kada su tsaya sai ya ce. Aka zaunar da Sani a kujerar gaba cikin kwat ɗin aro wadda hannunta ya tsaya masa a gwiwar hannu, ga baƙin tabarau, ga ɗamarar wuya ta shaƙe shi.

Goma ta yi. Sha ɗaya ta yi. Sha biyu ta wuce. Gumi ya jiƙa kwat ɗin Sani har ta canza launi. Ɗanbaba ya kira lambar Hajiya sau tara, ana ce masa ba a samunta. Ya lallaɓa wurin ladan.

"Malam, yau ba za a ɗan jinkirta ba? Rana ba ta gama karkatawa ba."

Ladan ya dube shi sama da ƙasa, ya juya ya kama kunne ya rangaɗa kiran salla.

Ana sallamewa gari ya watse da gudu. Abin da aka danne kwana biyu da rabi ya tashi lokaci guda. Duro sama da ɗari suka hau wuta, kowace mace na tura buntu da ɗanyen itace don ta ceci shinkafarta. Injin ban-ruwa arba'in suka kama ruri a bakin kanal. Masu tuwo suka hura, mai tsire ya hura, mai ƙosai ta hura. Cikin rabin awa, wanda ke ƙofar masallaci ba ya hango tsamiyar da garin ya ci sunanta.

A daidai nan wata tsohuwar motar ofis ta kunno kai, ita ma tana tuƙa nata baƙin hayaƙin. Hajiya Ummukulsum ta fito da farin mayafi tana toshe hanci, ta ba da haƙuri, wai layin mai suka bi tun safe. Bayanta wani siririn mutum mai farar shadda, Malam Abdulsamad na ofishin muhalli, riƙe da wata 'yar na'ura kamar rediyo, wadda ke auna dattin iska. Yana kunna ta ta fara tsuwa. Ya kashe, ya bubbuga ta a tafin hannu, ya sake kunnawa. Ta ƙara tsuwa, jar fitila na ƙiftawa.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ko a cunkoson 'yan adaidaita cikin birni ban taɓa ganin allurar nan ta kai ƙarshe ba."

"Ranka ya daɗe, wannan ba hayaƙinmu ba ne," in ji Ɗanbaba. "Daga Garun Mallam iska ta kwaso shi. Mun sha kai ƙararsu."

"Wancan gidan fa, mai koren ƙyaure, da yake fitarwa kamar gidan burodi?"

"Wani mutum ne mara jin magana. Za mu tashe shi."

Koren ƙyauren ya buɗe, Hajara ta leƙo da muciya a hannu, ido ja wur. "Baban Aziza! In ka gama da baƙin ka zo ka sauke min duro!"

Malam Abdulsamad ya ciro biro ya yi rubutu.

Ɗanbaba ya yi maza ya ja su rumfa. "Hajiya, ga abokin hulɗarmu daga ƙasar waje, Mushe Sani. Jiya jirginsa ya sauka."

Fuskar Hajiya ta washe. Ashe Faransanci ta karanta a jami'a, kuma ta daɗe ba ta sami abokin yi ba. Ta zuba masa gaisuwa mai tsawo kamar ana karanta labarai. 

"Awo," in ji shi.

Ta sake wata tambayar.

"Awo."

"Na tambaye shi sunan kamfaninsu," in ji Hajiya.

"Sunan ke nan, Hajiya. Awo. Babban kamfani ne."

"Na kuma tambayi irin jarin da zai shigo da shi."

"Shi ma awo ne. Sai an auna."

"Ina fasfo ɗinsa?"

Sani ya waiwayi Ɗanbaba ta saman tabarau, idonsa na neman agaji. Ɗanbaba ya tafa hannu. "Takardu suna nan, ba inda za su. Mu fara ganin mota tukuna, kada rana ta yi. Mushe, bismilla, kujerar baya taka ce."

Aka yaye zanen da aka rufe keken da shi. Hajiya ta zagaya shi sau ɗaya.

"Kashi nawa na kayan nan aka samar a gida?"

"Ɗari bisa ɗari, Hajiya. Wasu ma daga cikin gidana."

Sani ya hau ya zauna kan darduma. Ɗanbaba ya ɗaga hula, makaɗa suka saki kalangu, shi kuma ya sunkuya kamar mai gyara takalmi ya fizgi igiyar janareta. Ya yi tsalle ya kama kan keken ya danna makunni.

"Motar lantarki ba ta ƙara!" Hajiya ta ɗaga murya. "Mene ne wannan ke ruri?"

"Kalangu ne, Hajiya!"

Keken ya zabura. Sai a lokacin Ɗanbaba ya tuna abu biyu. Injin markaɗe gudu ɗaya ya sani, ba shi da sannu-sannu. Birki kuwa ya bar shi sai kashi na biyu na aikin. Ya kai hannu zai kashe, makunnin ya ɓalle ya biyo hannunsa. Ba abin da ya rage sai ya karya kan keken ya riƙa zagaya filin.

Zagayen farko ya wuce gaban rumfa yana murmushi yana ɗaga hannu. "Kun gani? Ko ɗigon hayaƙi!"

Gaskiya ne, ba hayaƙi. Malam Abdulsamad har ya gyaɗa kai. Amma tiyub ya fara cika. A zagaye na biyu mutane suka lura Mushe Sani ya ƙara tsawo.

"Ɗanbaba!" Iliyasu ya ƙwala daga bakin fili, kafaɗarsa ɗauke da tiyon ban-ruwa. "Baƙonka yana girma!"

"Kujerar zamani ce, tana ɗaga mutum daidai matsayinsa!"

"Malam, ya isa, tsaya haka!" in ji Hajiya.

"Yanzu, Hajiya! Tana hucewa ne!"

A zagaye na uku kan Sani ya tokare rufin keken, wuyansa ya lanƙwashe, ƙafafunsa na reto ba sa taɓa ƙasa. Dardumar ta zame, baƙar roba ta bayyana, ta kumbura ta cika bayan keken tana sheƙi. Makaɗa kuwa, da yake ba a ce su tsaya ba, sai ƙara wuta suke.

"Awo! Awo!" Sani ke ihu, don ita kaɗai aka ba shi izinin faɗa.

A zagaye na huɗu, daidai gaban rumfa, tiyub ya fashe. Ƙarar ta sa awaki suka tsinke igiya, mai unguwa ya sami kansa ƙarƙashin kujera bai san lokacin da ya shiga ba. Hayaƙin zagaye huɗu da baƙar toka suka fita lokaci guda suka rufe rumfar. Na'urar Malam Abdulsamad ta yi wata doguwar tsuwa ta yi shiru. Ɗanbaba, da ba ya ganin gabansa, ya saki hanya, keken ya ratsa ta kan shanyar shinkafar wata mata, ya haura gaɓar kanal, ya tsaya cak a sama kamar mai shawara, sannan ya faɗa ruwa.

Aka ruga. Ruwan iya ƙirji ne. Sani ya fara tasowa, ba tabarau, ganyen kainuwa a ka, ya buɗe baki da Kananci tsantsa.

"Wallahi tallahi na fasa! Hajiya, ni mai shayi ne! Kwana arba'in kacal na yi a Maraɗi, wankan jego uwata ta je gidansu, aka dawo da ni a zanen goyo! Ko hanyar ban sani ba! Kuma duk wanda ya sake ce min mushe sai mun je gaban alƙali!"

Gaɓar kanal ta ɗauki dariya, har da masu riƙe ciki suna zama a ƙasa. Hajiya Ummukulsum ta iso, farin mayafinta ya koma kalar gawayi, Malam Abdulsamad na bayanta yana girgiza matacciyar na'urarsa kusa da kunne. Ɗanbaba ya taso yana furzar da ruwa, ya share fuska, ya dube su.

"Hajiya, wannan gwajin farko ne. A rubuta cewa an samu ci gaba."

"Zan rubuta abin da na gani," in ji ta. "Ba baƙo, ba mota, ba iska."

"Baturana biyu!" in ji mai unguwa.

"Injin markaɗena!" in ji Hajara, ta ratso taron da muciyarta. Ɗanbaba ya dubi muciyar, ya dubi ruwan, ya ga ruwan ya fi masa kwanciyar hankali. Ya ƙara matsawa tsakiya.

Hajiya ta tsaya tana kallon Hajara, da jan idonta, da tarin da take yi. "Baiwar Allah, kullum haka kuke aiki cikin wannan hayaƙin?"

"Shekara ashirin da biyu, Hajiya. Yau dai ya fi yawa, don wancan ya tara mana na kwana uku."

Hajiya ta ce a kai ta ta gani. Ita da Malam Abdulsamad suka bi mata gida gida har la'asar sakaliya, suna tambaya suna rubutu, ba wanda ya sake waiwayar manajan darakta. Sai da Iliyasu ya gama ba tumatirinsa ruwa sannan ya zo ya miƙa masa tiyo ya jawo shi.

Wata biyar Ɗanbaba yana gyaran injin kyauta ga duk wanda ya yi wa ɓarna, bisa hukuncin mai unguwa. Ya rage zuwa teburin shayi, don Sani ya ce kofin da yake zuba masa ya fashe. Sai bayan damina wata babbar mota ta shigo gari. Ashe rahoton Malam Abdulsamad ya nuna ba a taɓa auna iska mai muni irin ta Tsamiyar Dattijo ba, don haka wani shiri na rage hayaƙi ya zaɓi garin ya fara da shi. Aka sauke wa ƙungiyar mata, wadda Hajara ke shugabanta, murhunan turara shinkafa masu cin buntu ba hayaƙi sosai. Manoman tudu kuma aka ba su injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana.

Kafin a gama saukewa Ɗanbaba ya hau kan buhu. "Jama'a, kun gani? Dama tsarin ke nan tun farko. Kuna zaton wannan hayaƙin da kansa ya taru? Lissafi ne!"

"Sannu da ƙoƙari," in ji Iliyasu yana shafa sabon injinsa. "Zo ka nuna min inda fulogi yake a jikin wannan."

Ɗanbaba ya sauko ya duba gaba, ya duba baya, ya kwanta ya leƙa ƙasa.

"Kafireta fa?"

Babu. Ba fulogi, ba kafireta, ba salansa, ba wurin zuba baƙin mai. Ya miƙe a hankali ya dubi injinan guda arba'in a jere, kowanne na maye gurbin wanda shi yake gyarawa.

Yanzu in ka bi gaɓar kanal da hantsi za ka gan shi da bokiti da tsumma, yana bin gonaki yana goge allunan sola. Ya ce sunan muƙamin Babban Injiniyan Kula da Hasken Rana, kuma a duk Afirka su uku ne. Iliyasu kan zauna a inuwa, ruwa na kwarara cikin tumatirinsa ba ƙara ba hayaƙi, ya bar shi ya gama bayanin tsaf, sannan ya nuna da baki.

"Babban Injiniya, ga kashin tsuntsu can ka tsallake."